Sufacaja a kan injin V: a gajarta karanshaf ko a bar shi yadda yake?

Wata ranar Alhamis da yamma, ana dawowa daga kasuwar Maigatari, ƙanen wani abokina ya tsaya a garejinmu da ke gefen hanyar Gumel da tsohuwar Hummer H2 da ya saya. Bayan mun gaisa ya ce, "Yaya, sufacaja nake so a ɗora mata. Amma na gani a YouTube wai sai an fara sa mata gajeren karanshaf, in ba haka ba injin bugawa zai yi. Wani kuma ya ce min kada in kuskura a taɓa cikin injin. Na rasa wanda zan bi."

Na ce masa, "Ƙanena, samu benci ka zauna, wannan ba maganar tsaye ba ce." Abin da muka tattauna har aka kira magariba shi na ga ya dace in rubuta, domin ba shi kaɗai ne mai wannan ruɗanin ba. Akwai masu Land Cruiser mai silinda takwas, da masu Lexus, da masu Nissan mai silinda shida, duk suna jin maganar nan rabi-rabi. Sufacaja dai na'ura ce da bel ke juyawa, tana tura ƙarin iska cikin inji don ya ƙara ƙarfi.

Abin da ake gajartawa

Girman inji abu biyu ne ke yin sa: faɗin silinda, da tsawon tafiyar da fistin ke yi daga sama zuwa ƙasa. Karanshaf, wato sandar nan mai gwiwoyi da ke ƙasan inji wadda fistin ke juyawa, shi ne ke yanke tsawon tafiyar. In ka sa wanda gwiwarsa ta fi gajarta, fistin zai riƙa yin gajeriyar tafiya, injin ya ragu a lita, matsin da ke cikin silinda ya sauka, kuma a kowane juyi fistin ba zai yi gudun da yake yi a da ba.

Ga lissafin da injin Hummer ɗin nan. Lita 6.0 ne na kamfanin GM, faɗin silinda milimita 101.6, tafiyar fistin milimita 92. A danginsa akwai ƙaramin inji mai lita 4.8 da ake samu a wasu Silverado da Tahoe, tafiyarsa milimita 83. In aka ɗauko karanshaf ɗin ƙaramin aka sa wa babban, injin ya koma kusan lita 5.4, matsinsa kuma, wato yawan ninkin da fistin ke matse iska, ya sauko daga 9.4 zuwa wajen 8.6. A juyi 6,000 a minti, fistin mai tafiyar 92 yana gudun mita 18.4 a daƙiƙa. Mai tafiyar 83 sai ya kai juyi 6,650 kafin ya yi wannan gudun. Ribar ke nan: an sayi juyi kamar ɗari shida da hamsin a sama, an biya da kashi goma cikin ɗari na girman injin.

Dabarar daga filin tsere ta fito. A 1967 Chevrolet ta haɗa bulok ɗin injinta na 327 da karanshaf ɗin 283 ta fitar da 302 na Camaro Z/28, domin dokar gasar da take son shiga ta hana inji ya wuce lita biyar. Doka ce ta tilasta mata ragewa. Kai da za ka bi hanyar Hadeja zuwa Malam Madori, babu dokar da ta tilasta maka.

Ma'aunan da za mu auna da su

Hanyoyi huɗu ne a gaban mai son sufacaja, ga abin da za mu auna su da shi. Na farko kuɗi. Kusan duk kayan wannan aiki daga waje suke zuwa, farashinsu bin dala yake yi, don haka abin da zai amfane ka shi ne sanin wacce hanya ce ta fi wacce tsada da kuma inda kuɗin ke tafiya. Ka haɗa da fetur, wanda tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda yake.

Na biyu ƙarko, kuma a nan ƙasarmu ce ke magana. A watan Afrilu zafi na haura digiri 40 a Gumel da Hadeja. Iskar da ta shiga sufacaja tana digiri 40, aka matsa ta rabin ba (bar, ma'aunin matsin iska), za ta iya fitowa tana neman digiri 100 in babu abin sanyaya ta. Ga shi gidajen manmu fetur iri ɗaya suke sayarwa, babu wani famfo na musamman mai jure matsi, wani lokacin ma a galan za ka saya a bakin hanya. Iska mai zafi da fetur maras juriya su ke haifar da fashewa kafin lokaci, wannan ƙarar da ake ji kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Ita ce ke huda fistin, ita ce ke karya ringi. Ba tsawon karanshaf ke kashe injin sufacaja a nan ba, wannan ƙarar ce.

Na uku sauƙin aiki: wa zai yi, da wane kayan awo, kuma in abu ya lalace a kasuwar Kofar Ruwa ta Kano za a samo shi ko sai an jira jirgi.

Na huɗu haɗari, wato yiwuwar kuɗinka ya salwanta a dare ɗaya. Na biyar kuma, wanda aka fi mantawa, a ina ƙarfin zai fito. Sunan jiharmu ma daga jigawar rairayi ya samo asali. Motar da za ta fita daga rairayi da kaya a bayanta ƙarfin ja take buƙata a juyi dubu biyu, ba ihu a juyi dubu bakwai ba.

Hanya ta ɗaya: a bar cikin injin, a ɗora sufacaja da ƙaramin turi

Ba a buɗe ƙasan injin ko kaɗan. Ana ɗora sufacaja da babban fuli, wato faifan da bel ke ja ya juya ta, don kada turin iskar ya wuce 0.3 zuwa 0.4 ba, a ƙara wa famfon mai da nozul girma, a sa fulogi mai jure zafi, a gyara lissafin birenbos, wato kwamfutar injin, ya ja wuta baya kaɗan. Ita ce mafi arha, ita ce kuma kaɗai za a iya warwarewa a mayar da mota yadda take in mutum ya gaji.

Kamfanoni ma sun bi ta. Sashen TRD na Toyota ya sayar da sufacajar ɗorawa kai tsaye ga injin 2UZ mai lita 4.7 na Tundra da LX 470 na farkon shekarun 2000, ba tare da sauya fistin ko karanshaf ba. Wannan injin bulok ɗinsa na baƙin ƙarfe ne, matsinsa 9.6 kafin a sa masa VVT-i (tsarin da ke sauya lokacin buɗewar bawul), ya koma 10.0 bayan an sa. Wanda bai da VVT-i ɗin ya fi dacewa da zafinmu.

Matsalarta biyu ce. Injin ɗan Kwatano da ya riga ya ci kilomita masu yawa, in ringinsa ya saki, sufacaja za ta tona masa asiri cikin wata guda. Don haka a auna matsin kowace silinda kafin a sayi komai. Ta biyu kuma kwaɗayi. Bayan wata uku mai mota zai dawo ya ce a rage fuli a ƙara turi, fistin ɗin kamfani kuwa zubi ne, ba ya yafe fashewa ko sau ɗaya mai ƙarfi.

Hanya ta biyu: a bar tsawon tafiya, a sauya fistin da kwanrod

A nan ana sauke injin, amma karanshaf ɗin asali yana nan. Ana sa ƙirarrun fistin masu rami a ka da za su sauko da matsi zuwa wajen 9 ko ƙasa kaɗan, da kwanrod (sandar da ke haɗa fistin da karanshaf) masu ƙarfi da kusoshinsu, sabon metal (shimfiɗar da wuyan karanshaf ke juyawa a kanta), a ɗan ƙara tazarar bakin ringi saboda zafi, sannan a sa intakula mai sanyaya iskar da sufacaja ta matsa, da lagireto babba. Kuɗin ya ninka na hanya ta ɗaya sosai, domin ban da kayan akwai aikin goge silinda da awo.

Ni wannan ce na fi yarda da ita ga mai son ƙarfi na gaske, kuma ga dalilina. Duba abin da manyan kamfanoni uku suka yi da suka tashi ɗora sufacaja a kan V8 ɗinsu. Mercedes, a injin lita 5.4 na E55 AMG da ya fito wajen 2003, ta bar doguwar tafiyarta ta milimita 92 ta sauko da matsi zuwa 9.0, ta samu ƙarfin doki 476. Range Rover ta 2006 ba ta taɓa tafiyar fistin ba, milimita 90.3 ce a injin 4.4 da kuma 4.2 mai sufacaja. Faɗin silinda ta rage daga 88 zuwa 86, bango ya ƙara kauri, matsi ya tsaya a 9.1. Dodge ce ta gajarta: a Hellcat na 2015 ta sauko daga milimita 94.6 na injin 6.4 zuwa 90.9, lita 6.2, doki 707, matsi daga 10.9 zuwa 9.5. Ita ma ɗin abin da ta rage bai kai milimita huɗu ba. A kan tsawon tafiya kowa ya kama gabansa, amma a kan sauke matsi da sanyaya iska duka ukun bakinsu ɗaya. Yawancin masu cewa a gajarta musu karanshaf, in ka tsananta tambaya, sauke matsi suke nema, fistin kuwa yana yin wannan ba tare da ya ci maka lita ko ɗaya ba.

Haɗarinta yana hannun mai haɗawa. Ƙirarren fistin ya fi na zubi buɗewa in ya ɗau zafi, tazarar da ake bar masa daban ce, kuma da ma'aunin maikiromita ake samo ta, ba da ido ko da yatsa ba. In bakanikenka ba shi da wannan ma'auni, kada ka ba shi aikin, komai daɗewar ku tare.

Hanya ta uku: gajeren karanshaf

Bari in fara da abin da yake gaskiya a cikinta, don akwai shi. Gajeren karanshaf ya fi tauri, domin wuyan metal na tsakiya da na kwanrod sun fi haɗa jiki. Fistin ba ya sauka can ƙasan silinda, ba ya dannar bango da ƙarfi kamar da. Matsi yana sauka da kansa. In mutum yana son inji mai zama a juyi dubu bakwai na tsawon lokaci, waɗannan duka riba ce.

Amma sufacaja tana sauya lissafin ta hanyar da masu bidiyo ba sa tsayawa su bayyana. Irin wadda ke zaune a tsakiyar V ɗin, mai murɗaɗɗun ƙarafa biyu, mudu ce: a kowane juyi iska gwargwado ɗaya take aunowa, fuli ne ke yanke yawanta. In ka rage injin da kashi goma ka bar fuli yadda yake, iskar ba ta ƙaru ba, wuri ne ya yi mata kaɗan. Agogon da yake nuna 0.5 zai koma wajen 0.65, mai mota ya yi murna, alhali abin da ya ƙaru zafi ne da wahalar bel. Don ribar ta fito sai an juya injin sama, sufacajar ma ta bi shi sama, zafinta ya daɗa hawa. Sannan ba karanshaf kaɗai ke hana inji juyawa ba. Akwai sifirin ɗin bawul, da kamshaf, da famfon baƙin mai, da giyabos mai canza kansa wanda tun kafin a kai can ya riga ya canza giya. Duk sai an bi su da kuɗi. Irin sufacajar da ta dace da gajeren karanshaf ita ce mai kama da turbo da bel ke ja, wadda turinta ke hawa da hawan juyi, ita kuwa a juyi dubu biyu kusan ba ta nan. A rairayin Maigatari nan ne kake neman ta.

Sai maganar ko danginka na inji ya yarda. Masu GM sun yi sa'a: kwanrod ɗin 4.8 ya fi na 6.0 tsawo da milimita 4.5, daidai rabin milimita tara da aka rage, don haka in an sa karanshaf da kwanrod ɗin tare, fistin yana isa bakin bulok yadda ya kamata. Sai a lura haƙoran da sensa ke karantawa a jikin karanshaf iri biyu ne, mai 24 da mai 58, dole su dace da birenbos. Masu Nissan kuma akwai waɗanda suka sa karanshaf ɗin VQ30 mai milimita 73.3 a VQ35 mai 81.4, injin ya dawo wajen lita 3.15, amma ba a yin sa sai da daidaita fistin da kwanrod. Masu Toyota V8 kuwa, wannan hanyar ba taku ba ce: 2UZ tafiyarsa 84, 1UZ da 3UZ kuma 82.5. Milimita ɗaya da rabi bai kai a sauke inji dominsa ba. Kada kuma wani ya ce maka 1GR na Prado da 2GR na Camry faɗinsu ɗaya ne, milimita 94, don haka a musanya karanshaf mai 95 da mai 83; tsayin bulok ɗinsu ba ɗaya ba ne.

Babban ramin shi ne daidaita nauyi. A injin V8 kwanrod biyu ne ke raba wuya ɗaya, kuma nauyin da ke jikin karanshaf an yanka shi ne daidai da nauyin fistin ɗin da aka ƙera shi dominsu. Karanshaf ɗin 4.8 an daidaita shi da fistin mai faɗin milimita 96, kai kuma za ka rataya masa mai 101.6. Sai an ɗora shi a injin daidaita nauyi tare da kimanta nauyin fistin da ringi da metal. Kafin ka sayi ko kusa ɗaya, ka fara gano wanda zai yi maka wannan, ka je ka ga injin nasa da idonka.

Akwai gajerun hanyoyi biyu da nake roƙon ka kada ka bi. Ɗaya ita ce a sa gajeren karanshaf a bar kwanrod na asali. Fistin zai tsaya milimita huɗu da rabi ƙasa da bakin bulok, matsatsin da ke tsakanin kansa da tof silinda, wanda ke gauraya fetur da iska, ya ɓace, injin ya yi sanyin jiki kuma fashewar da ake gudu ba ta tafi ba. Ninka gasket biyu ma ɗan'uwan wannan ne. Ta biyu ita ce a kai karanshaf wurin masu juya ƙarfe su ci wuyan a karkace don ya gajarta. Na taɓa yarda aka yi wa wani V6 da ke hannuna haka a wani shago a birni. Sun cinye taurin saman wuyan, sun bar kusurwar da kaifi, injin ya tashi yana rawa, kafin a yi canjin baƙin mai na biyu metal ya tafi. Kuɗin mutum ne ya ƙone, kuma har yau in na tuna fuskarsa raina ba ya daɗi.

Hanya ta huɗu: a sayi wanda kamfani ya riga ya haɗa

E55 AMG, ko C32 AMG mai silinda shida, ko Range Rover mai 4.2. Injiniyoyi sun gama lissafin matsi da sanyaya da giya. Motar gaba ɗaya ake saya. Ciro injin a dasa a wata mota yana jawo rigimar makulli da birenbos da wayoyi. A Mercedes ɗin a fara duba ƙaramin famfon ruwan intakula, don in ya mutu ƙarfi zubewa yake. Ka tuna an ƙera su ne da fetur mai juriya a rai, kuma E55 motar kwalta ce, ba ta shiga gona.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko a zafinmu | Sauƙin aiki | Haɗari | Inda ƙarfi yake |
|---|---|---|---|---|---|
| A bar injin, ƙaramin turi | Mafi arha | Mai kyau in ba a ƙara turi ba | Mafi sauƙi | Kaɗan | Ƙasa da tsakiya |
| Fistin da kwanrod | Mai tsada | Mafi ƙarko | Sai mai kayan awo | Matsakaici | Ƙasa har sama |
| Gajeren karanshaf | Mafi tsada in an yi daidai | Ya dogara da daidaita nauyi | Mafi wuya | Babba | Sama |
| Haɗin kamfani | Kuɗin mota, sai hidima | Ya dogara da tarihin motar | Babu haɗi, sai gyara | Matsakaici | Ƙasa har sama |

Kowacce ka zaɓa, akwai kuɗin da ba ya cikin teburin: birki, da taya, da filtar iska babba da za a riƙa dubawa kowane mako a lokacin hunturu, domin ƙura tana cin ƙarafan sufacaja kamar yadda take cin ringi. Birkin nan kada a bar shi sai an samu sarari. Hanyoyinmu na shanu ne da amalanke da 'yan makaranta, motar da aka ƙara wa doki ɗari kuwa tsayawarta ba ta ƙaru ba.

Wa ya dace da wacce

In motarka ita ce ta zuwa gona da kasuwa da kai iyali Dutse, Land Cruiser ce ko LX 470 ko Tundra, kuma injin yana da lafiya, hanya ta ɗaya ta ishe ka. Ka sa intakula in akwai wurinsa, ka bar fuli yadda aka sa shi.

In injin ya riga ya gaji, dama sauke shi za a yi, ko kuma kana son turin da ya wuce rabin ba, ka bi ta biyu. Kuɗin da ka ware wa karanshaf ka mayar da shi kan sanyaya iska da kuma wanda ya iya saita birenbos yana sauraron injin a kan hanya da tsakar rana.

In gudun kwalta kake so tsakanin Kano da Kazaure kuma ba ka son motarka ta yi wata shida a gareji, ta huɗu ce taka, da sharaɗin kana da gidan man da ka amince da shi.

Gajeren karanshaf na mai wata mota ce daban ban da ta yau da kullum, mara nauyi, mai giyar hannu, wadda za a kai filin tsere ko wasan mota inda injin zai wuni a sama, kuma injin ya kasance na GM ko Nissan da danginsa ke da kayan da suka dace, kuma an riga an samu mai daidaita nauyi. In ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, ka koma hanya ta biyu.

Mai Hummer ɗin nan motarsa ta kusa tan uku, giyarta mai canza kanta ce, kuma duk sati tana shiga rairayi. Na ce masa, "Ƙanena, karanshaf ɗinka mai 92 shi ne abin da ya fi komai amfani a motar nan, a bar maka shi." Mun auna silinda takwas ɗin washegari, biyu sun yi ƙasa, don haka hanya ta biyu ya ɗauka, fistin ɗinsa na kan hanya.